Gidan Wanki, Daren Lahadi a Akron

Inji na bakwai ya sake haɗiye mini sulalla huɗu,
ya ƙi juyawa.
Na ɗaka masa tafi, irin dukan da ubana ke yi wa tsohuwar talabijin.
Wendell ya ɗago kai daga jarida:
"Odessa, yi haƙuri.
Komai na ƙasar nan yana aiki, in kin iya jira."

Wendell ke nan.
Shekara saba'in da ɗaya, hular soja, gwiwar ƙarfe,
ya yarda da Amurka yadda ake yarda da fitowar rana.

Ubana, Lemuel Pruitt,
ya baro gonar auduga a Alabama da akwati ɗaure da igiya,
ya shiga masana'antar taya.
Shekara talatin yana warin roba
har matashin kansa ya rine.
Amma albashi guda ya sayi gida mai baranda,
ya ci da baki shida,
har da rarar zuwa bakin tafki in zafi ya yi.
Ko firamare bai ƙare ba.

Ɗana Tavon digiri gare shi.
Yana rataye bisa firij,
ƙasa da shi takardar bashin karatu,
ita kuwa ba ta tsufa, haihuwa take.
Kaya yake rabawa ƙofa ƙofa cikin motar da ba tasa ba,
wayar aljihunsa ce ubangidansa,
tana lissafa masa har mintin da ya tsaya fitsari.

Wendell ya ce, "To, dubi Tek na bakin kwana.
Da jakar leda ya sauka ƙasar nan,
yau shago biyu."
Gaskiya ne. A wurinsa nake sayen albasa.
Sai dai na san tara da suka zo jirgi ɗaya da shi,
har gobe suna fiɗar kaji cikin sanyin dare.
Wanda ya haye ake ɗauka hoto,
ba a tambayar kogi nawa ya ci.

Yesenia tana ninke rigar aikin jinya, ba ta ko waiwayo ba.
"Ni ba na jin haushin mai kuɗi,
so nake in zama shi.
Abin da ke ci mini rai haƙorin nan ne.
Wata biyar ina tauna da gefe ɗaya
don kuɗin cire shi kuɗin haya ne."

Muka yi shiru. Injuna suna ta gurnani.

Ni ma fa ina hawa sama, kada a ce ban hau ba:
kowane dare, bene na ashirin da ɗaya,
ni da bokiti da tsumma.
Ta tagar shugaban kamfani ina hango layinmu,
ƙanƙane kamar zare.
Ina zubar da shararsa.
Ragowar abincin ranarsa ta fi awa biyuna tsada.
Ban tsane shi ba, har gaisuwar Kirsimeti yakan bar mini.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Na dafa, shekara ashirin da biyu.
Tambayata ɗaya: romon, wa ke sha?

Wendell ya miƙe, gwiwa tana ƙara,
ya zuba mini sulalla huɗu a hannu.
Na san yana raba ƙwayar maganinsa biyu don ta kai ƙarshen wata.
Ya san na sani.
"Gwada na takwas," in ji shi.

Na takwas ya juya.
Muka tsaya mu uku muna kallo ta gilashi:
rigar Tavon ta hau, ta kai ƙololuwa,
ta faɗo,
ta sake hawa.

Jikata Imara tana kan benci da littafin lissafi,
barci na fizgarta.
Na taɓa kafaɗarta.
"Tashi ki ƙarasa," na ce,
da muryar ubana,
muryar da ban san ko har yanzu na yarda da ita ba.